Na'ura Ba Ta Karanta Kwali

Yau da rigima na zo, kuma da mutum biyu zan yi ta.

Akwai wata hanya da dubban mutane suke bi a Amurka domin su samu sana'ar dogaro da kai. Yaro ya gama sakandare, ko magidanci ya gaji da aikin ƙarfi, sai ya shiga ƙaramar kwalejin da ke garinsu, wadda suke kira kwalejin al'umma. Ya yi shekara biyu ko ƙasa da haka yana koyon yadda ake haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna. Daga nan ya zauna jarrabawar wani kamfani irin su Cisco, ya karɓi shaidar ƙwarewa, ya fita neman aiki. Duk inda aka kawo zancen wannan hanya a tsakaninmu, sai mutum biyu sun miƙe. Na farko ya taɓe baki ya ce, "Au, ashe ba ma jami'a ba ce? Duk faɗin Amurka a rasa inda za a shiga sai foli ɗinsu?" Na biyu ya kwashe da dariya ya ce, "Shekara biyu a kan takarda ɗaya? Ai akwai inda ake sayar da tambayoyin, sati uku ka haddace ka je ka ci abinka."

In ka kalle su sai ka ɗauka ba sa ga maciji da juna, tunda ɗaya na kare digiri, ɗaya na yi wa karatu kallon ɓata lokaci. Ni kuwa ina cewa jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Dukansu ciwon kwali ne yake damunsu. Na farko yana son babban kwali mai tambarin jami'a, na biyu yana son kwali mai sauri, amma babu wanda ya tsaya ya yi tambayar da ita ce uwa uba a wannan fanni: idan sadarwa ta tsinke a asibiti ko a banki da ƙarfe biyun dare, wa zai iya tayar da ita?

Kafin mu yi nisa, bari mu san mece ce kwalejin al'umma, domin yawancin masu raina ta sunanta kawai suka ji. Makarantar gwamnati ce ta gaba da sakandare, karatunta shekara biyu ne, tana ba da ƙaramin digiri da kuma takardun gajerun kwasa-kwasai. Mafi tsufa a cikin waɗanda suke aiki har yau ita ce Joliet Junior College a jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901. A 1947 wani kwamiti da Shugaba Truman ya kafa ya ba da shawarar a yaɗa irin waɗannan makarantu ko'ina, yadda talaka zai samu ilimi mai zurfi ba tare da ya bar garinsu ba. Yanzu sun kai kusan dubu, jihar Kalifoniya kaɗai tana da 116. Yawancinsu ƙofarsu a buɗe take, duk wanda ya gama sakandare zai iya shiga. Akwai ajin safe, akwai ajin dare saboda masu aiki, kuma a aji ɗaya za ka tarar da ɗan shekara 18 zaune kusa da tsohon soja da uwar 'ya'ya uku. Da yawa daga cikin malaman fannin fasaha ma'aikata ne da rana, malamai da dare, don haka abin da hannunsu ya taɓa ɗazu a wurin aiki shi suke kawowa aji.

To me ake koya a can? A nan ne nake so mai raini ya gyara zama. Ɗalibi yakan fara ne daga waya. Wannan kebul ɗin da ake sokawa a bayan kwamfuta, a cikinsa akwai ƙananan wayoyi takwas, an murɗe su biyu-biyu. Ɗalibi zai fere shi, ya jera wayoyin bisa ƙa'ida: fara mai ratsin ruwan lemo, ruwan lemo, fara mai ratsin kore, shuɗiya, fara mai ratsin shuɗi, koriya, fara mai ratsin ruwan ƙasa, sai ruwan ƙasa. Ya matse kan da filaya, ya gwada. Idan ɗaya ta kauce daga muhallinta, sai ya yanke ya sake. Zai kuma san cewa irin wannan kebul ba a ja da shi ya wuce mita 100, in tafiyar ta fi haka sai a sa wata na'ura a tsakani ko a koma ga wayar gilashi mai aiki da haske.

Daga waya sai lissafi. Kowace na'ura da ke kan intanet tana buƙatar adireshi. Tsohon tsarin adireshi, IPv4, yana da gurabe kimanin biliyan 4.3, kuma babban rumbun da ake rabawa daga cikinsa ya ƙare tun watan Fabrairun 2011, shi ya sa ake koyon sabon tsari na IPv6 tare da shi. A ce an ba ka adireshi 256 ka raba wa makaranta mai sassa huɗu: ofishin shugaba, ɗakin malamai, ɗakin kwamfuta da ɗakin karatu. Ka yanka su huɗu, kowane sashe ya samu 64, amma 62 ne kawai za a iya bai wa na'urori, domin na farko sunan sashen ne, na ƙarshe kuma na shela ne ga kowa. Ana so ɗalibi ya iya wannan lissafi da ka, cikin daƙiƙoƙi, ba tare da ya ɗauko kalkuleta ba.

Daga nan sai a zaunar da shi gaban rauta da suwic, wato na'urar da ke zaɓa wa saƙo hanya tsakanin wannan gida da wancan, da wadda ke rarraba shi a cikin gida ɗaya. Baƙin allo ne kawai a gabansa, babu hoto babu maɓallin dannawa, sai umarnin da zai rubuta da hannunsa. Zai koyi yadda ake katange kwamfutocin ofishin kuɗi daga na baƙi alhali duk a jikin suwic ɗaya suke. Sannan malami ya zo ya lalata tsarin da gangan, ya ce a nemo inda matsalar take. Ɗalibi ya fara daga ƙasa: fitilar ramin kebul tana ci? Kwamfutar ta samu adireshi? Tana ganin ƙofar fita? Tana iya fassara suna zuwa lamba? Haka zai bi daki-daki har ya kama ɓarawon. Wannan bin diddigi shi ne sana'ar. Ba a haddace shi, sai an yi ta yi har ya zama jiki.

Ita kuma shaidar ƙwarewar, mafi shahara a matakin farko ita ce CCNA ta kamfanin Cisco, wanda aka kafa a 1984 kuma yake cikin manyan masu ƙera waɗannan na'urori a duniya. A 1997 kamfanin ya ƙirƙiro wani shiri mai suna Cisco Networking Academy, yana bai wa makarantu manhajar koyarwa, kuma kwalejojin al'umma da dama a kanta suke ɗora darussansu. Jarrabawar da ake yi tun Fabrairun 2020 lambarta 200-301, minti 120 ce, kuɗinta dala 300. Akwai kuma Network+ ta ƙungiyar CompTIA, wadda ba ta jingina da kayan kamfani ɗaya ba. Abubuwa uku nake so ku riƙe game da CCNA. Malaminka ba shi ne yake shirya ta ba, ba shi ne yake duba ta ba, don haka sanayya ko kwaɗayin malami ba su da ƙofar shiga. Ba a tambayar ka wace makaranta ka yi kafin ka zauna. Sannan bayan shekara uku ta mutu, sai ka sabunta. Digiri kuwa, in ka karɓa a 1995, naka ne har kabari, ko da abin da aka koya maka ya daɗe da zama tarihi.

Yanzu bari in juyo kan mai raini. Malam, ka ce ba jami'a ba ce. Gaskiya ne. To sai me? Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke ɗif na kusan awa shida. Da yawanmu a wannan zaure mun ɗauka datarmu ce ta ƙare. Abin da ya faru shi ne, ana cikin aikin gyara aka tura wani umarni da ya katse hanyoyin da suka haɗa cibiyoyin kamfanin, sai na'urorinsu suka janye sanarwar da ke gaya wa sauran duniya inda Facebook yake. Gida na nan, an share hanyar zuwa gidan daga taswira. Sai da aka tura injiniyoyi suka shiga cibiyoyin da ƙafarsu. A Nuwamban 2018 kuma, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya karkatar da wani ɓangare na zirga-zirgar Google ta bi ta Rasha da Sin har tsawon minti 74. Waɗannan kamfanoni cike suke da masu digiri. Na'urar ba ta dubi kwalin kowa ba kafin ta faɗi, kuma ba ta nemi ganin kwalin kowa ba kafin ta tashi. Umarni ne ya kayar da ita, umarni ne ya tayar da ita. Layi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba, ko farfesa ne ya rubuta shi, sakamakon ɗaya ne.

Sannan ka yi maganar girma ba ka yi maganar kuɗi ba, alhali a nan gizo yake saƙar. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, matsakaicin kuɗin makaranta a kwalejin al'umma ga ɗan yankin bai wuce kimanin dala 4,000 a shekara ba. Jami'ar gwamnati ga ɗan jiha ta haura dala 11,000. Jami'a mai zaman kanta ta haura dala 40,000. Bashin karatu da ke wuyan Amurkawa ya wuce dala tiriliyan 1.6, kuma akwai masu furfura da har yau suke biyan bashin digirin da suka yi suna samari. Jihar Tennessee ma tun 2015 ta ɗauke wa waɗanda suka gama sakandare kuɗin karatu a kwalejojin al'ummarta. Yaron da ubansa direban tasi ne, ya duba ya ga zai iya koyon sana'a a shekara biyu yana kwana a gidansu, ya fara ɗaukar albashi ba bashi a kansa, in ya so daga baya ya ƙarasa digiri da kuɗin aljihunsa, wannan yaro lissafi ya yi. Wanda ya ci bashin da zai yi shekara ashirin yana biya don kawai a ce ga jami'ar da ya yi, shi ya kamata a tambaya ina hankalinsa ya tafi.

In kuma sunaye kake so, tunda mai son kwali sai da suna yake yarda, to ga su. Steve Wozniak, wanda ya ƙera kwamfutar Apple ta farko, ya zauna a ajin De Anza College. Eileen Collins, mace ta farko da ta jagoranci jirgin sama jannati na Amurka mai zuwa ya dawo, daga Corning Community College ta fara. Jill Biden, a lokacin da take matar shugaban ƙasa tana zaune a Fadar White House, ba ta daina zuwa koyar da Turanci a Northern Virginia Community College ba. Wannan kwaleji kuwa tana yankin da ya fi ko'ina a duniya tarin cibiyoyin adana bayanai, kuma tana da kwas na musamman a kan aikin waɗannan cibiyoyi, saboda masu ɗaukar aikin suna bakin ƙofarta. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Sai kai kuma mai gajeriyar hanya, kada ka ɗauka na manta da kai. A ganina laifinka ya fi na mai raini girma, domin shi baki kawai ya taɓe, kai kuwa rijiyar da kowa ke sha kake zuba wa ƙasa. Akwai shafuka da zaurukan Telegram da ake sayar da tambayoyin da aka sato daga ɗakin jarrabawa tare da amsoshinsu. Mutum ya haddace cewa tambayar da ta fara da kaza amsarta ta uku ce, ya je ya ci, ya ɗora hoton takarda a Facebook muna ta yi masa barka. Wannan satar amsa ce, ko da an sa mata rigar zamani. Cisco ya haramta ta, kuma wanda aka kama ana iya soke shaidarsa a hana shi sake zama. Ko ba a kama ka ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masu ɗaukar aiki a wannan fanni sun daɗe da gane wasan. Ba sa ɓata lokaci a kan takardarka, kwamfuta suke turo maka da kebul su ce ga suwic nan, raba mana shi gida biyu. Ko su ce ga adireshi, gaya mana sashensa ya fara daga ina ya ƙare a ina. Minti biyar sun isa a bambance wanda ya yi shekara yana fama a ɗakin gwaji da wanda ya yi sati uku yana hadda.

Ɓarnar kuma ba a kanka kaɗai take tsayawa ba. Duk lokacin da mai shaidar bogi ya kasa a gaban mai ɗaukar aiki, darajar shaidar ce take raguwa, sai wanda ya sha wuya ya same ta da guminsa ya zo a yi masa kallon zargi. An taɓa ganin haka a Amurka a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka yi rububin wata shaidar Microsoft har masu ita suka yi yawa, aka riƙa yi wa wasunsu laƙabi da injiniyoyin takarda. Tsani ɗaya ne talakan da ba shi da kuɗin jami'a yake da shi, kai kuma kana zare masa matakai.

Abin da kwalejin al'umma ta gane, wanda ku biyun kuka kasa ganewa, shi ne jarrabawar hatimi ce kawai da ake bugawa a kan abin da ya riga ya samu. Amfanin kwalejin shi ne na'urorin da ɗalibi ba zai iya saya ba, da malamin da zai tsaya a kansa, da abokan da za su yi musu a kan dalilin da ya sa saƙo ya ƙi wucewa, da lokacin da zai yi kuskure sau ɗari a wurin da kuskurensa ba zai tsayar da albashin kowa ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Na san wani zai ce na zuzuta abin da yawa, don haka bari in faɗi inda takalmin yake matsi. Kwalejin al'umma ba aljannar duniya ba ce. Fiye da rabin waɗanda suke shiga ba sa fita da kowace irin takarda ko bayan shekara shida, saboda aiki da iyali da talauci suna janye su. Mafi yawan masu shiga suna cewa burinsu su ƙarasa digiri a jami'a, amma waɗanda suke cim ma hakan a shekara shida ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Masu komawa jami'a kuma sau da yawa sai a ƙi karɓar wasu kwasa-kwasan da suka riga suka ci. Wani rahoton ofishin binciken gwamnatin Amurka na 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suke sauya makaranta suna asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na abin da suka tara. Shi ma mai CCNA ba a kujerar manaja yake farawa ba. Yakan fara ne da amsa kiran waɗanda kwamfutarsu ta ƙi aiki, ko jan kebul a cikin silin, ko gadin allon sa ido da dare. Kuma ciwon kwali bai bar Amurka ba. Jihar Maryland a 2022 da Pennsylvania a 2023 sun cire sharaɗin digiri daga dubban guraben aikin gwamnati, kamfanoni da dama ma sun yi irin wannan shela, amma a aikace har yanzu mai digiri yakan riga shiga.

Duk na yarda da waɗannan. Sai dai ku duba da kyau, wanne ne a cikinsu yake nuna cewa abin da ake koyarwa ba shi da amfani? Babu. Suna nuna cewa talaka yana karatu da kaya a kansa, kuma masu ɗaukar aiki suna da son zuciya. Maganin wannan shi ne a tallafa wa ɗalibin, a gyara ma'aunin ɗaukar aiki. Raina makarantar ba ya cikin magani. Ban kuma ce digiri banza ba ne. Masu ƙirƙiro ƙa'idojin da intanet take tafiya a kansu, irin su Vint Cerf da Bob Kahn, masu digirin digirgir ne, kuma duniya na buƙatar irinsu. Amma a kan kowane mutum ɗaya da zai zana sabuwar ƙa'ida, ana buƙatar dubbai da za su shimfiɗa waya su saita na'ura su kwana suna gadinta. Wanda ya zana gida da wanda ya gina shi, in ɗaya ya raina ɗaya, a waje za a kwana.

Me ya kawo wannan zance zaurenmu, alhali Amurka ake magana? Dalili biyu. Na farko, jarrabawar nan guda ɗaya ce a duniya. Ma'aunin da za a auna ɗalibin Virginia da shi, da shi za a auna wanda ya zauna a cibiyar jarrabawa a Abuja ko Legas, kuma takardar da za su karɓa iri ɗaya ce. Shirin Cisco Networking Academy yana aiki a ƙasashe kusan 190, har da Najeriya. Manhajar Packet Tracer, wadda ake gina sadarwar gwaji da ita a cikin kwamfuta, kyauta ce, haka ma Wireshark da ake leƙa cikin saƙonni da ita. Saboda haka kada wani ya karanta wannan rubutu ya je ya tayar wa mahaifinsa hankali a sayar da gona a kai shi Amurka. Arahar da na ambata ta 'yan yankin ce, baƙo yana biyan ninkin haka, ga kuɗin masauki, ga wahalar biza. Darasin ne abin ɗauka.

Na biyu, muna da tamu kwalejin da muke yi wa irin wannan raini. Ni da nake wannan rubutu difloma ce da ni daga foli, wanda ya ga dama ya ce kaina nake karewa, hujjojin dai suna nan a sama. Kwalejin Fasaha ta Yaba tun 1947 take, Kaduna Polytechnic ta samu wannan suna a 1968, hukumar NBTE mai kula da su an kafa ta a 1977, amma har yau ana jayayya a kan ko mai babbar difloma ya kai mai digiri a aikin gwamnati. A 2021 Majalisar Tarayya ta amince da ƙudurin da zai soke wannan bambanci, har gwamnatin lokacin ta sauka a 2023 ba a sa masa hannu ba. Lokacin da Farfesa Isa Ali Pantami ya fitar da littafinsa a kan fifita ƙwarewa bisa digiri zalla a 2022, kun ga ƙurar da ta tashi a wannan dandali, aka rabu gida biyu ana ta jifa, mafi yawa ba su wuce bangon littafin ba. A farkon 2024 kuma NBTE ta raba babbar diflomar kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki sadarwar kwamfuta ce da ma'ajiyar gajimare. Mataki ne mai kyau. Amma canza suna a takarda ba ya sayo rauta. Idan ɗalibi zai gama shekara biyu yana zana suwic a allo da alli bai taɓa soka masa kebul ba, to an gudu ba a tsira ba, mun sake buga wani kwalin ne kawai.

Ga abin da nake kira a kai. Iyaye da yayye, idan yaro ya ce zai shiga foli ya koyi haɗa kwamfutoci, ku daina yi masa kallon wanda JAMB ta kayar. Ku tambaye shi ko makarantar tana da ɗakin gwaji mai na'urori masu aiki, ku tambaye shi ko ana shirya ɗalibai su zauna jarrabawar da duniya ta sani. Shugabannin makarantu, kuɗin da za a kashe a gina ƙofar shiga mai ƙawa zai sayi tsofaffin rauta da suwic da za su ishi aji guda. Masu ɗaukar aiki, ku ajiye takardu gefe na minti goma, ku miƙa wa mai nema kebul. Kai kuma matashi, in an turo maka tambayoyin sata ka goge su. Ka buɗe Packet Tracer, ka gina sadarwar makaranta mai sassa huɗu, ka lalata ta da hannunka, ka gyara, ka sake lalatawa. Ranar da ka iya gano matsala ba tare da ka leƙa littafi ba, ranar ka cancanci biyan dala 300.

A watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, bankuna suka rikice, masu POS suka zauna jugum, babu wanda ya damu da sanin makarantar da masu karkatar da sadarwa zuwa wasu hanyoyin suka yi. Kowa addu'arsa Allah Ya sa sun iya aikinsu. Wannan ma'auni da muke komawa gare shi ranar da ido ya raina fata, shi nake so mu riƙe a sauran ranakun ma.

Wanda yake da ja, fili a buɗe yake, amma ya zo da hujja. Allah Ya ba matasanmu sana'a mai albarka, Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.